Iyakar baƙin rami: da me aka yi ta, kuma me ya hana haske dawowa?

Tambayar ta zo ne daga wani dattijo mazaunin Agege, mai sana'ar albasa a kasuwar Mile 12. 'Yarsa da ke ajin ƙarshe a sakandare ta nuna masa wani hoto a waya, zobe mai launin garwashi da duhu a tsakiyarsa. Ta ce masa wannan shi ne baƙin rami, kuma yana da wata iyaka da duk abin da ya tsallake ta ba ya dawowa, ko da haske ne. Shi ne ya ce: "Malam, wannan iyaka da me aka yi ta, katanga ce ko ƙofa? Haske kuma ai ba shi da nauyi, yaya za a ce an riƙe shi? In babu abin da ke fitowa, to hoton me suka ɗauka? Sannan ka gaya mini gaskiya, abin nan zai iya zuwa ya haɗiye duniya?"

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa yarinya albarka. Abin da ta faɗa maka daidai ne. Na daɗe ina koyar da fiziks a nan Legas, kuma na ji daɗin tambayarka ta biyu ƙwarai, domin ita ce ainihin inda maganar take. Ɗalibai da yawa suna haddace cewa haske ba ya fita, amma kaɗan ne ke tsayawa su ce, to ta yaya? Ka kwantar da hankalinka tun yanzu a kan tambayar ƙarshe: babu baƙin ramin da ke tahowa ya haɗiye mu. Dalilin zai zo a gaba.

Iyakar ba a yi ta da komai ba. Babu katanga, babu ƙofa, babu ko ƙurar da za ta nuna wa mai wucewa cewa ga ta nan. Idan ka taɓa tsayawa a bakin teku wajen Lekki kana kallon jiragen ruwan da ke jiran shiga Apapa, ka ga wani layi can gaba inda ruwa ya haɗu da sama. Ga mutumin da ke tsaye a bakin ruwa, layin nan bai kai kilomita 5 daga inda yake ba. Jirgi in ya wuce shi, sai gindinsa ya fara ɓacewa, sannan samansa ya biyo baya. Amma matuƙin bai ji ya taka komai ba. Shi a wurinsa ruwa ne gaba, ruwa ne baya. Daga wannan layi aka aro sunan da masana ke kiran iyakar da shi a Turance, "event horizon". Sai dai layin teku yana matsawa in ka hau bene, kuma jirgin da ya wuce shi yana iya juyowa gobe da kaya. Na baƙin rami ba ya matsa wa kowa, ba kuma a juyowa. Ni a aji "iyakar ba-komawa" nake ce mata.

Mu fara daga dutse. In ka jefa dutse sama zai dawo, in ka ƙara ƙarfi zai ƙara nisa kafin ya dawo. Akwai wani gudu da in dutsen ya tashi da shi, ya tafi ke nan. A doron duniya gudun nan kilomita 11.2 ne a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ka ce "ɗaya" ya kusan gama gadar Third Mainland, wadda tsawonta kilomita 11.8 ne. A kan wata kilomita 2.4 ya isa, don wata bai kai duniya nauyi ba. A saman rana kuwa sai kilomita 618. Abu biyu ke ƙara wannan gudu: yawan kayan da ke jikin abin da ke ja, da kuma kusancinka da tsakiyarsa. Mutanenmu kan kira wannan ja "maganaɗisun ƙasa", kuma ba na son sunan, domin maganaɗisu ƙarfe yake zaɓa ya bar itace, shi kuwa wannan ba ya zaɓe. Buhun albasa da buhun siminti da ɗan'adam duk ɗaya ne a wurinsa. Zan riƙa ce masa jan nauyi.

A 1783 wani limamin coci a Ingila, John Michell, ya yi wannan lissafi ya kai shi ƙarshe. Ya ce in aka samu tauraro mai nauyin da gudun tserewa daga kansa ya fi gudun haske, to haskensa ba zai iso gare mu ba, zai zama tauraro mai duhu. Laplace na Faransa ya faɗi irin haka a 1796. Gudun haske kusan kilomita 300,000 ne a daƙiƙa, abin da zai zagaye duniya sau bakwai da rabi, kuma babu abin da ke wuce shi.

Da yawan masu bayani nan suke tsayawa, kuma nan ne tambayarka take kama su. Haske ba dutse ba ne. Ba shi da nauyin da za a ɗora a sikeli, kuma ba ya rage gudu don yana hawa sama. Bayan haka, in da maganar gudun tserewa ce kawai, mutum mai roka mai ƙarfi zai iya hawowa a hankali, kamar mai hawa tsani, ba sai ya yi tsalle ɗaya ba. Ke nan iyakar Michell tana da hanyar fita. Ta gaskiya ba ta da ita, kuma sai da Albert Einstein ya zo a 1915 aka samu hanyar gane dalili.

Abin da Einstein ya ce shi ne, abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokacin da ke kewaye da shi, sai duk abin da ke wucewa ya bi lanƙwasar. Ga misali. A ce mutum ɗaya ya tashi daga Legas, wani ya tashi daga Akra, tsakaninsu kusan kilomita 400, kowa ya fuskanci arewa sak, ba mai karkata dama ko hagu. Suna tafiya tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa, har su yi karo a ƙuryar arewacin duniya. Wa ya ja su suka haɗu? Babu igiya, babu iska. Ƙasar da suke takawa ce mai lanƙwasa. Kowannensu zai rantse miƙe ya tafi, kuma gaskiya ya faɗa. To haka haske yake. Shi miƙe yake tafiya, hanyar ce take karkata, kuma hanya ba ta tambayar nauyin mai tafiya.

Wannan magana an gwada ta, kuma kusa da mu aka gwada ta. Ranar 29 ga Mayu 1919 an yi kusufin rana, sai Arthur Eddington ya tafi tsibirin Principe da na'urorinsa, wasu abokan aikinsa kuma suka tafi Sobral a Birazil. Principe yana cikin wannan tekun namu, kimanin kilomita 700 kudu maso gabas da Legas, ya fi Kano kusa da mu. Da rana ta rufe, taurarin da ke gefenta suka bayyana, aka ɗauki hotonsu, aka ga sun ɗan goce daga inda aka saba ganinsu, gwargwadon abin da Einstein ya lissafa. Hasken taurarin ne ya bi lanƙwasar da rana ta yi. Gocewar kaɗan ce ƙwarai, don rana duk girmanta kayanta a baje suke. Tambayar da ta rage ita ce, in aka matse kayan wuri guda fa?

Wanda ya fara samo amsar wani Bajamushe ne, Karl Schwarzschild, yana bakin daga a ɓangaren Rasha lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya aika wa Einstein lissafinsa, aka buga a 1916, shi kuma ya rasu a watan Mayun shekarar yana da shekara 42. Daga lissafinsa aka samu wata ƙa'ida mai sauƙi da yarinyarka za ta iya riƙewa a ka: ga baƙin ramin da ba ya juyawa, kowane nauyin rana ɗaya yana ba da kusan kilomita 3 daga tsakiya zuwa iyaka. Da za a matse rana duka ta koma ƙwallo mai faɗin kilomita 6, rabin gadar nan ke nan, da ta zama baƙin rami. Duniya da tekunanta da duwatsunta sai an matse ta ta koma kamar ɗan kurna, milimita 9 daga tsakiya zuwa baki. Akwai wani sanannen baƙin rami da ake kira Cygnus X-1, nauyinsa kamar rana 21, faɗin iyakarsa kuma kusan tazarar Legas zuwa Ibadan. Irin waɗannan daga manyan taurari suke fitowa. Tauraro yana tsaye ne saboda wutar da ke cikinsa tana tura waje, nauyinsa yana danna ciki. Ranar da makamashin ya ƙare, in cibiyar ta yi nauyi da yawa, sai ta rufta a kan kanta, ba abin da zai tare ta.

An shekara arba'in ana ruɗewa a kan ma'anar wannan iyaka. Einstein da kansa ya yi rubutu a 1939 yana ganin irin wannan abu ba zai samu ba, a shekarar da Oppenheimer da ɗalibinsa Snyder suka nuna yadda tauraro zai rufta ya haifar da shi. Sai a 1958 David Finkelstein ya fayyace cewa wurin ba wata ɓaraka ba ce a sarari, mashiga ce da ake bi ta fuska ɗaya. A 1965 Roger Penrose ya tabbatar da cewa in ruftawar ta kai wani matsayi, babu makawa sai ta ƙarasa.

Yanzu ga yadda nake so ka hango ta. Ka tuna masuntan Makoko da ake gani daga kan gada cikin kwalekwalensu. A ce ruwan yana gangarawa zuwa wani wawakeken rami a tsakiya, kuma gwargwadon kusantarka gwargwadon saurinsa. A ce kuma akwai wani masunci da babu mai tuƙi kamarsa, gudunsa ɗaya ne kullum, ba ya gajiya, ba ya ƙarawa. Shi ne haske. Daga nesa in ya juya baya ga ramin, yana fin ƙarfin ruwa ya tafi abinsa. In ya matso, yana tafiya amma da ƙyar. Akwai wani da'ira inda saurin ruwan ya yi daidai da tuƙinsa. A nan zai yi ta tuƙi iya ƙarfinsa yana nan inda yake. Taku ɗaya ciki kuwa, ko da ya fuskanci waje yana tuƙi, ciki yake tafiya. Babu wanda ya riƙe kwalekwalen, babu wanda ya karɓe filafilin. Wurin da yake tuƙi a kai ne ke tafiya da shi. Wannan misali ba na lallashin yara ba ne, akwai hanyar rubuta lissafin Schwarzschild da take karantuwa daidai haka, sarari yana kwarara ciki, yana kai gudun haske a daidai iyakar. Saboda haka in ka matsa mini sai na faɗi abin da ke wurin, zan ce hasken da ya nufi waje ne, yana gudu bai gusa ba.

Abin da ke faruwa bayan an tsallaka shi ne ya fi taɓa ni a duk wannan ilimi, kuma na fi so yarinyar ta riƙe shi fiye da kowane adadi. A rayuwarmu, wuri muna da zaɓi a kansa. Kana iya zuwa Mile 12, kana iya fasawa ka koma Agege, kana iya zama a ƙofar gida. Lokaci ne ba mu da zaɓi a kansa. Ko ka gudu, ko ka kwanta, ko ka hau jirgi zuwa Makka, gobe za ta same ka. Ba a juya wa gobe baya, don ba ta wata fuska take ba. To a cikin iyakar, lanƙwasar ta kai matsayin da tsakiyar ramin ta daina zama wuri a gabanka, ta koma lokaci a gabanka. Ta zama gobenka. Waje kuma ya zama jiya. Shi ya sa ƙarfin inji ba ya taimako. Wanda ya ce zai ƙera rokar da za ta fito da shi daidai yake da wanda ya ce zai sayi motar da za ta kai shi makon jiya. Matsalar ba ta fetur ba ce, hanyar ce babu. Har ma an lissafa iyakar tsawon wannan "gobe" ga ramin da ba ya juyawa. In nauyinsa kamar rana ɗaya ne, ba a wuce kashi 15 cikin miliyan na daƙiƙa. In babban ramin da ke tsakiyar gungun taurarin da ranarmu ke ciki ne, kusan minti ɗaya. In wanda ke hoton nan ne, kwana ɗaya da 'yan sa'o'i. A can tsakiyar kuwa lissafin Einstein da kansa yake tsayawa, yana fitar da adadi marasa iyaka, alamar cewa ana buƙatar wani ilimin da ya fi shi zurfi.

Sai maganar mai kallo daga nesa. Ka san yadda kake yi da direban da ya taso da albasa daga arewa, kana kira yana gaya maka ya wuce Jebba, ya wuce Ogbomoso. A ce wani ya nufi baƙin rami, kuka yi alkawari zai aiko saƙo duk minti ɗaya bisa agogonsa. Da farko saƙon na zuwa a kan lokaci. Yana matsawa, sai tazara ta fara buɗewa, minti biyu, minti goma, sa'a. In kana hango shi, za ka ga motsinsa yana sanyi, launinsa yana komawa ja, yana dusashewa har ya ɓace. Saƙon da ya aiko daidai kan iyakar ba zai taɓa isowa ba. Ba za ka taɓa ganin tsallakawarsa ba, kuma shi ya sa masanan Rasha a da suke kiran abin "daskararren tauraro". Shi kuwa matafiyin agogonsa lafiya lau yake bugawa, zuciyarsa ma haka, ya wuce bai ga alama ba. Kai da shi babu maƙaryaci. Lokaci ne ba ya tafiya bai ɗaya a wuraren da jan nauyi ya bambanta.

Wannan ma ana amfani da shi kullum a titunan Legas. Taurarin ɗan'adam na GPS da ke nuna wa direba hanya a waya suna can sama, kimanin kilomita 20,000, inda jan nauyi ya fi sauƙi. Saboda haka agogonsu yana gaba da namu da kashi 45 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, gudun da suke yi kuma yana rage 7, saura 38. In ba a gyara wannan ba, taswirar za ta riƙa gocewa da kusan kilomita 10 a kullum. Mai neman Ikeja sai ta ajiye shi a wata unguwa. Abin da ke faruwa a bakin baƙin rami wannan ɗin ne, sai dai ya kai maƙura.

Na ce matafiyin ba ya jin komai, amma da sharaɗi: ramin ya zama babba. Abin da ke kisa shi ne bambancin ja tsakanin ƙafa da kai. Irin wannan bambanci ne, daga wata, ke sa ruwan lagun ya ciko ya janye. Kusa da ƙaramin baƙin rami, mai nauyin rana goma, ƙafafun mutum ana jansu fiye da kansa nesa ba kusa ba, sai jiki ya miƙe ya sirance kamar taliya a bakin inji, tun yana dubban kilomita kafin iyakar. A babban rami mai nauyin rana miliyoyi kuwa, iyakar tana nesa da tsakiya sosai, bambancin bai kai a ji shi ba. Mutum zai wuce da ransa da hankalinsa, ba tare da ya san ƙofar komawa ta rufe ba.

To hoton fa? Gaskiyarka, ba a ɗaukar hoton abin da ba ya fitar da haske. Abin da aka ɗauka inuwarsa ce a cikin hasken da ke kewaye da shi. Ramin yana tsakiyar wani gungun taurari da ake kira M87, nisansa tafiyar haske ta shekara miliyan 55, nauyinsa kamar rana biliyan 6.5. Yi lissafin kilomita uku-uku ka gani: daga tsakiya zuwa iyaka kusan kilomita biliyan 19, wato rana da duk duniyoyin da ke zagaya ta za su shige ciki da sauran wuri. Iskar gas da ke zubowa ba ta faɗawa kai tsaye, zagayawa take tana gogayya har ta yi zafin da ya wuce misali, ta yi haske. Hasken nan duk a wajen iyakar yake, shi ya sa yake iso mana. Wanda ya matso da yawa ya faɗa, wanda ya tsira da ƙyar ya lanƙwaso ya zama zoben. Duhun tsakiya ya fi ainihin iyakar faɗi kusan sau biyu da rabi, saboda wannan lanƙwasa. Gefe ɗaya ya fi haske ne don gas ɗin wannan gefe mu yake nufowa. Launin garwashin kuma masana ne suka sa don ido ya gani, ainihin abin da aka kama igiyar rediyo ce mai tsawon milimita 1.3.

Aikin ya yi wuya saboda ƙanƙantar abin a sama. Kamar ka tsaya a Legas ne ka ce za ka ga ƙwayar yashi ɗaya mai laushi a Kano. Babu na'ura ɗaya da za ta iya. Sai aka haɗa na'urorin rediyo takwas a wurare shida, Chile, Hawayi, Arizona, Meziko, Sifaniya da ƙuryar kudancin duniya, suka yi kallo tare a watan Afrilu 2017, kowace tana rubuta abin da ta kama da agogo mai tsananin daidaito. Bayanan sun yi yawan da intanet ba ta iya ɗauka ba, a jirgin sama aka kwaso faya-fayan, na ƙuryar kudu ma sai da aka jira hunturu ya wuce. Mutum fiye da 200 suka yi aikin, aka fitar da hoton ranar 10 ga Afrilu 2019. A ganina duhun nan shi ne hujja mafi ƙarfi. Da akwai wani daɓe mai tauri a wurin, duk gas ɗin da ke zuba zai faɗa kansa ya yi zafi ya haskaka, kamar yadda ake gani a matattun taurari masu daɓe, waɗanda har tartsatsi suke yi lokaci-lokaci. A nan kaya na shiga, shiru.

Ga wani aiki da za ka ba yarinyar. A 1971 Stephen Hawking ya nuna cewa faɗin fatar iyakar, wato girman ilahirin bayanta in aka auna shi kamar fili, ba ya raguwa, ko da ramuka biyu sun haɗu. Ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka kama girgizar sarari daga irin wannan karo: ɗaya nauyin rana 36, ɗaya 29, suka zama ɗaya mai 62, ukun da suka rage suka fita a matsayin girgizar. Faɗin fatar yana tafiya ne da nauyi sau kansa. Ta ninka 36 da 36, ta ninka 29 da 29, ta haɗa, sannan ta gwada da 62 sau 62. Za ta samu 2,137 a gefe ɗaya, 3,844 a ɗaya gefen. Juyawar da sabon ramin ke yi tana ɗan rage adadin, amma har yanzu ya fi. Nauyi ya ragu, iyaka ta ƙaru.

In ta ci gaba da karatu za ta ji cewa Hawking ya dawo a 1974 ya ce baƙin rami yana fitar da wani ɗan ɗumi. Kada ta ɗauka maganarta ta rushe. Ɗumin a bakin iyakar ta waje yake samuwa, ba wani abu ne ya haura daga ciki ba. Ga rami mai nauyin rana, zafin bai wuce kashi 60 cikin biliyan na digiri ɗaya sama da sanyi na ƙarshe ba, wato sanyin da babu wanda ya fi shi, alhali sararin samaniya kansa yana da digiri 2.7 sama da wannan sanyi. Ke nan a yanzu abin da yake sha ya fi abin da yake fitarwa, kuma ba a taɓa auna wannan ɗumi a wani baƙin rami ba. Ko da ya fara ramewa, kafin ya ƙare sai shekaru 1 da sifiri 67 a bayansa.

Mu koma kan tsoron. Baƙin rami ba ya zuƙo abu daga nesa. Daga nesa jansa daidai yake da na kowane abu mai nauyinsa. Da a ce yau rana ta koma baƙin rami, bayan minti takwas za mu shiga duhu, sanyi ya biyo baya, amma duniya za ta ci gaba da zagayenta na kwana 365 ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Ranar ma ba za ta koma ba, nauyinta bai kai ba. Mafi kusa da aka sani shi ne wanda aka gano a 2022, ana ce masa Gaia BH1, nisansa tafiyar haske ta shekara 1,560. Akwai wani tauraro irin ranarmu da ke zagaya shi duk wata shida, tazararsu ba ta fi tamu da rana da yawa ba, kuma yana nan bai faɗa ba. Ta rawar da tauraron ke yi ma aka gane akwai wani abu mai duhu a gefensa. Faɗawa baƙin rami sai an saita shi sosai, don ƙofar ƙarama ce, sararin kuma ba iyaka.

Babban namu yana tsakiyar gungun taurarin da muke ciki, nauyinsa ya ɗan haura rana miliyan 4, nisansa tafiyar haske ta kusan shekara 26,000. Reinhard Genzel da Andrea Ghez, kowa da tawagarsa, sun shafe shekaru suna bin taurarin da ke zagaya shi. Akwai ɗaya, S2, da ke gama zagayensa cikin shekara 16, kuma a 2018 ya wuce ta kusa da shi da gudun da ya haura kilomita 7,000 a daƙiƙa, ya fita lafiya. A kan wannan aiki suka raba kyautar Nobel ta 2020 da Penrose, hoton ramin kuma ya fito ranar 12 ga Mayu 2022.

In kuna so ku ga inda yake, ku jira watan Yuli ko Agusta, daren da hadari ya yaye. A Agege fitilu da hayaƙi za su rage muku gani, in hutu ya kai ku gida arewa ya fi. Bayan sallar isha'i ku fuskanci kudu ku ɗaga kai, ku nemi taurarin Aƙrabu masu siffar kunama, akwai wani ja mai haske a ƙirjinta. Ku bi jikin har zuwa ƙarin wutsiya, sannan ku ɗan matsa hagu da sama zuwa burujin Ƙausu, inda farin hazon nan da ya ratsa sama ya fi kauri. Ido ba zai ga tsakiyar ba, ƙurar da ke tsakaninmu ta tare hasken, shi ya sa su Ghez suka yi aiki da na'urorin da ke ganin hasken da ya wuce ja, wanda ido ba ya gani amma yake ratsa ƙurar. Amma in yarinyar ta miƙa yatsa wurin, Alhaji, shi take nunawa.